Yadda na bi sawun kakanmu mai kai wasiƙa daga tashar Funtua

Kakanmu na wajen uba aikinsa kai wasiƙa ne, daga tashar jirgin ƙasa ta Funtua zuwa garuruwan da ke kan hanyar Malumfashi, da farko a ƙafa daga baya kuma a kan keke. Iya abun da muka taso muna ji a gida ke nan, ko hotonsa babu, ya rasu tun mahaifinmu bai yi aure ba. Da na duba na ga cikin 'ya'yansa saura mutum biyu kacal a raye, Gwaggo da Baffa, kuma dukansu girma ya kama su sosai, sai hankalina ya tashi, na ce in ban miƙe na tattara yanzu ba to labarin bawan Allahn nan zai tafi tare da su. Ga yadda abun ya gudana ko wani mai irin wannan niyya zai amfana.

Wajen Gwaggo na fara. Tsohuwa ba a zuwa mata da biro da takarda ana jero tambaya kamar ɗan ƙidaya, nan take za ta tsuke baki. Ni dai da la'asar sakaliya nake zuwa, in riƙe mata ɗan goro da sabulu, mu gaisa, a yi zancen jikoki da tsadar masara, sai can in sako zancen Baba, wato kakan namu, in nemi izininta in kunna rikoda ta waya in ajiye a gefen tabarma. Kuma ban taɓa ce mata wace shekara ba, don ba da lamba take lissafi ba. Sai dai in ce Gwaggo, lokacin wane sarki ne? kafin a yi miki aure ne ko bayan? Ta nan ta ce min Innarsu ta sha gaya mata cewa tana goye da ita aka yi rasuwar Sarki Dikko. To Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1944 ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya hau, ka ga na samu turke na farko da zan ɗaure lissafi, kuma a lokacin Baba ya riga ya daɗe yana aikin ɗaukar jakar wasiƙu. Ta ɗayan gefen kuma layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau a 1929 ya kai Ƙauran Namoda, don haka aikin ɗaukar jaka daga tasha ba zai wuce ƙarshen shekarun 1920 a baya ba. Tsakanin nan biyu ya shiga aikin.

Abun da ya ban mamaki shi ne yadda ta riƙe kamannin jakar. Wai ta tamfol ce mai kauri, bakinta ɗaure da igiya an buga hatimi a kan ƙullin, kuma ko Inna ba ta isa ta taɓa ta ba, in ya kwana da ita a gida a ƙarƙashin kansa take kwana. Da damina shi ya jiƙe bai damu ba, jakar ce yake lulluɓe wa da kabido. Yana da sanda, da goran ruwa, da wata 'yar salka ta garin gero da yake damawa a hanya. Ta ce tafin ƙafarsa duk faso ne, in ya dawo Inna ta narka man kaɗe ta cusa masa a ciki yana cije baki. Wallahi ina jin wannan sai da idona ya kawo ruwa, don ni ban taɓa tunanin ƙafarsa ba, aikin kawai nake ji a baki.

Akwai matsala ɗaya da duk mai bin tarihin gidan Hausawa zai ci karo da ita, wato kunya. Gwaggo ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗanta na fari ba, na surukai kuwa ba a ma magana, sai dai "mai gidan nan" da "yaron nan" da "tsohon wancan gida". In ka matsa ka ɓata zaman. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na ɗauko wata jikarta mai surutu wadda suke wasan kaka da jika, ita take ambato sunan da ƙarfi tana tsokanarta, Gwaggo kuma ta ce "ja'ira, shi ɗin dai", ni kuma in rubuta. Haka nan duk wanda ka ji ana ce masa Abba ko Baba ko Ummi a cikin dangi ka tambayi sunan wa ya ci, ta nan na haƙo sunan mahaifin kakanmu da na mahaifiyarsa, don sunayen suna nan suna yawo a kan yara an dai lulluɓe su ne.

Daga nan sai wajen Baffa. Shi ba mai yawan magana ba ne amma shi ke riƙe da adakar Baba, wani tsohon akwatin ƙarfe da ya yi tsatsa ta ƙasa. Ya ce min "ɗauko mu gani, ni ma rabona da buɗe ta tun rasuwar yaya". A ciki akwai wata lamba ta tagulla irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta yi kore, da tsohon ambulan da aka mayar ma'ajin takardun haraji, da wata takarda da aka naɗe cikin tsumma rubutun Larabci. Ambulan ɗin akwai kan sarki a jikinsa mai hoton Sarkin Ingila George na shida, wanda ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1952, ga tambarin gidan waya an buga a kai. Takardun harajin su ma sun yi amfani don suna ɗauke da sunansa da na ƙauye da shekara. Amma takardar tsumman nan ita ce ta juya min komai. Na kai wa wani malami a unguwarmu da ya saba da tsohon rubutun alƙalai, ya saka tabarau ya bi ta a hankali ya ce ai takardar rabon gado ce daga kotun alƙali, ta jero magada ɗaya bayan ɗaya, sai ga sunan wani ɗa namiji a cikin jerin wanda ni dai tun da nake ban taɓa jin an ambace shi a gidanmu ba.

Na koma wajen Gwaggo da sunan. Ta yi shiru, can ta ce "to ai na sani ɗan nan, ba wanda ya tambaye ni ne, kuma Inna ba ta son zancen". Ashe Baba ya yi wani aure a can kan hanyar da yake bi, matar ba ta taɓa tarewa a gidanmu ba, a garin iyayenta ta zauna, ta haifi ɗa ɗaya, da aka yi rasuwa kawun yaron ne ya zo ya karɓi kasonsa ya koma, daga nan zumunci ya yanke. Ita lokacin tana gidan miji a wani gari, sunan garin matar ya kwanta mata, abun da ta riƙe kawai shi ne inda yake yada zango ne in dare ya yi masa.

To ina ne zangon? Wannan tambayar ce ta kai ni Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ake kira National Archives, a kan titin Yakubu Gowon. Ka je da katin shaida, in kana da takardar gabatarwa daga makaranta ko wajen aiki ta fi sauƙaƙa maka, za ka yi rajista, a ba ka kundayen jerin fayil-fayil ka duba, ka rubuta lambar wanda kake so a 'yar takarda a je a ɗauko maka. Wani dattijon ma'aikaci da na yi wa bayani shi ya fara tambayata abun da ban zo da shi a kai ba, ya ce kakan naka ma'aikacin gwamnati ne ko na En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki? Domin a zamanin Turawa gidan waya yana ƙarƙashin ma'aikatar wasiƙu da wayar tangarahu (P&T) ne ta gwamnatin tsakiya, ita ce ta kai har 1985 aka raba ta aka fitar da NIPOST ta wasiƙu da NITEL ta tarho. Amma daga inda gidan waya ya tsaya zuwa gundumomi, En'e tana da nata masinjoji da ke yawo da takardu tsakanin fada da hakimai, baitulmali ke biyansu. Inda za ka nemi wannan daban inda za ka nemi wancan daban. Lambar tagullar nan da na ɗauko hotonta a waya ita ta raba gardama, ya duba ya ce ta En'e ce.

Sai abu na biyu da ya nuna min, kuma duk ɗan ƙasar Katsina da zai yi bincike ya riƙe wannan. Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934. Kafin nan daga 1926 tana cikin Lardin Zariya, kafin nan kuma tana cikin Lardin Kano. Ma'ana takardun gari ɗaya suna iya warwatsuwa wuri uku, akwai KATPROF akwai ZARPROF akwai KANOPROF, wato fayil-fayil na lardunan Katsina da Zariya da Kano, ga kuma SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa. Ni shekarun da nake nema sun faɗo a tsakanin Zariya da Katsina, don haka biyun na riƙa bi. Rahoton shekara-shekara na Razdan, Baturen da ke riƙe da lardi, da rahoton rangadin Di'o da ke ƙarƙashinsa, da kasafin kuɗin En'e, su na fi zama a kai, duk da Turanci ne, wasu da tafireta wasu da hannu, takardar ta tsufa sai ka bi da lallami wajen juyawa.

Gaskiya abun da na gani ya sosa min rai. Baturen da ya zo ya yi 'yan watanni ya wuce sunansa na nan cikakke da ranar zuwansa da ranar tafiyarsa hutu, amma mutanen da suka ƙarar da ƙafafunsu shekara da shekaru suna ɗaukar takardun da mulkin gaba ɗaya ya dogara a kai, a kasafin kuɗi layi ɗaya ne, masinjoji guda kaza kuɗinsu kaza, shi ke nan. Duk wanda zai je can neman kakansa talaka ya shirya wa wannan tun daga gida. Abun da takardun suke bayarwa shi ne duniyar da mutumin ya rayu a cikinta, wace hanya ce ake bi da rani wace ce ruwa ke yankewa da damina, ina barikin saukar baƙi yake, ina hakimi ke zaune, yaushe aka fara kai jaka a mota. A nan na fahimci dalilin da ya sa Funtua ta zama bakin hanya, jirgi ne da auduga, ga injin gurzar auduga na BCGA, kamfanin auduga na Turawan Ingila, ga kantunan Turawa da 'yan kasuwa daga kudu, duk masu aika takarda ne da karɓa. Na zana hanyar a littafina, Funtua ta Sarkin Maska, Bakori ta Makama, Malumfashi ta Galadima, da ƙauyukan da ke tsakani, na yi alama a inda mai tafiyar ƙafa da ya fito da asuba zai kai kafin magariba. Na leƙa Arewa House da ke titin Rabah ma, tsohon gidan Sardauna da ya koma cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, don in duba kundayen digiri da ɗalibai suka rubuta a kan gundumomin nan, sun taimaka wajen sanin wane ƙauye ne tsoho wane ne ya kafu bayan an yi titi.

Kafin in kama hanya na zauna da wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, ya bayyana min yadda tsarin jaka yake. Kowace jaka da takardar rakiyarta, mai bayarwa ya sa hannu mai karɓa ya duba hatimi ya sa hannu, in hatimi ya karye to mai ɗauka ne zai yi bayani, kuma ba aiki kawai zai rasa ba har gaban alƙali. A ƙananan garuruwa da ba su kai a gina musu gidan waya ba akan ba wani amintacce wakilci, ɗan kasuwa ko malamin makaranta, ya riƙa sayar da kan sarki yana karɓar wasiƙu a shagonsa. Sai a lokacin na gane abun da ya sa Baba yake kwana da jaka a ƙarƙashin kai.

Bin hanyar shi ne ainihin aikin, kuma shi ya fi daɗi. Duk garin da na shiga ba na fara da kowa sai mai gari, a yi min iso in faɗi in yi gaisuwa in faɗi ko ni jikan wane ne da abun da ya kawo ni, shi zai haɗa ni da wani yaro ya kai ni wajen liman da tsofaffin gari. Ka nemi wanzamai, su suka san gidan da aka yi suna da irin askar kowane gida. Ka nemi maroƙa, su kuma salsala ce sana'arsu. Wasu ƙauyukan da ke lungu saboda halin tsaro da yankin ke ciki ban shiga ba, sai dai a kira min mutum a waya ko mu haɗu ranar kasuwa a bakin titi. Sunan Baba na yanka bai yi min aiki ba a can, amma da na ce mai jakar nan da ke zuwa daga Funtua sai ka ga fuskar tsoho ta canza.

Akwai wani dattijo da na samu a zaure, ya haura tamanin nesa ba kusa ba, mahaifinsa yana cikin sojojin da aka kwasa zuwa yaƙin Bama. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su suka yi wannan yaƙin da Japanawa a shekarun ƙarshe kafin a gama a 1945, kuma 'yan Arewa da yawa ne a ciki. Ya ce shi yana yaro lokacin, in suka hango Baba daga nesa sai su ruga gida suna ihu, mata su fito bakin zaure su tsaya kowa gabanta na faɗuwa. Wasiƙar soja a boko take zuwa, sai an kai wa malamin makaranta ko malamin hakimi ya karanta a bainar jama'a, ba wani sirri. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta wannan hanya take isowa, a karanta ta a ƙofar fada a ji labarin yaƙi. Sai ya gaya min wani abu da babu shi a kowane fayil. Wai in Baba ya ji a ofishin hakimi cewa takardar da ya kawo ta rasuwa ce, ba ya bari a aika yaro ya faɗa, shi da kansa zai je ya ɗauko liman su tafi gidan tare, ya zauna a yi addu'a sannan ya ɗauki jakarsa ya wuce, ko da hakan zai sa dare ya yi masa a daji. Ba ya cikin aikinsa, ba wanda ya sa shi. Bayan jaka kuma yana ɗauke da saƙon baka kyauta, wance ta haihu, wane ba shi da lafiya a je, har magani yake sayo wa mutane daga Funtua. Ni a ganina wannan ne mutumin, kuma in da a Kaduna na tsaya da ban same shi ba.

Wannan dattijon ne ya ce ai gidan da Baba yake kwana sananne ne, yana gari na gaba, gidan wani maƙeri, kuma 'yar gidan aka ba shi. Ka ga aure ya bi zango ke nan, inda jaka ta kwana nan zuriya ta tsiro.

Shiga gidan nan sai da na yi taka-tsantsan. Baƙo ya zo daga sama da tsohuwar takardar gado a hannu yana cewa shi ɗan uwa ne, abu na farko da zai zo wa kowa a rai shi ne gona ko fili ya biyo. Don haka takardar ma a mota na bar ta, na sa mai gari ya haɗa ni da liman muka shiga tare, kuma bayan gaisuwa kalmar farko da na faɗa ita ce ban zo neman komai ba sai zumunci. Ɗan nan na Baba ya riga ya rasu, Allah Ya jiƙansa, amma ya bar 'ya'ya da jikoki gida guda cike. Babban ɗansa ya girme ni sosai, da ya fito na ga goshi da tsayin wuya irin na mahaifinmu sak, ga kuma askar gidanmu a fuskarsa, aka kira tsohon wanzamin garin ya ce mahaifinsa ne ya yi wa marigayin, kuma Baba ne da kansa ya kwatanta irin wadda za a yi. Na ce "Yaya, ni ƙaninka ne", ya riƙe hannuna ya kasa magana. Su ma ashe labari ɗaya suka taso da shi, kakansu mai kai wasiƙa ne daga wajen Funtua, iyakarta ke nan. Amma su suke da rabin da mu ba mu da shi, cewa asalin mahaifin Baba ba ɗan nan ba ne, fatauci ya kawo shi daga ƙasar Zazzau, kuma keken da aka ba Baba daga baya a ƙofar gidansu ya koyi hawa yara na tura shi. Su suka gaya min yadda zuwansa ya fara ja baya da motoci suka karɓe ɗaukar jaka, har ya ajiye aikin ya koma noma gaba ɗaya, tafiyar da a da dole ce duk mako ta koma sai da dalili.

Wajen rubutawa ban yarda in cakuɗa komai wuri ɗaya ba. Kowane bayani na sa a gefensa daga bakin wa na ji, ko daga wace takarda, da lambar fayil in daga Kaduna ne. In mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya sai in yi masa alama daban. Inda bakin Gwaggo da na gidan Yaya suka saɓa na rubuta duka biyun, ban zaɓi na gidanmu don namu ne ba. Matan gidan na ba su shafi nasu, sunansu da garinsu da gidan da suka fito, don su ne suka fi saurin ɓacewa a irin wannan lissafi. Muryoyin da na naɗa na kwafe su a kwamfuta da filashi na kuma tura wa ƙannena biyu, kar waya ta faɗa ruwa a yi asara.

Da na buga na raba wa dangi a WhatsApp sai wata sabuwar gardama ta taso, wai tsakanin Baffa da marigayin waye babba, kowane ɓangare na ja, don a kan haka ne za a san wa zai gaida wa in an haɗu. Baffa da kansa ya kashe maganar, ya ce takardar alƙali ta sa sunan marigayin a gaban nasa, kuma ya tuna ranar rabon gado an ce wancan har ya fara gemu shi kuwa yana makarantar allo. Ya sa aka ɗauki mota bayan ƙaramar salla aka kai shi da Gwaggo can suka yi ta'aziyyar ɗan uwansu, yanzu kuma ana ta shirin zuwan su Yaya bikin 'yar Baffa. Ni kuma abun da ke gabana shi ne Katsina, zan bi sawun tsofaffin littattafan albashi na baitulmali, don a irinsu ne ake rubuta sunan kowane masinja ya dangwala yatsa in ya karɓi kuɗinsa, sannan in gangara ƙasar Zazzau neman garin da mahaifinsa ya fito.